Turo-turo ko gidan inasal: wanne ya fi wa ɗalibi Musulmi a Manila?

Hajiya ta yi tambaya a zauren nan cewa ɗanta zai fara karatu a Manila, babban birnin ƙasar Filifin, masaukinsa yana unguwar Sampaloc, ɗakin babu wurin girki, kuma an gaya masa wuraren cin abinci masu sauƙin kuɗi iri biyu ne, turo-turo da gidan inasal. Tana son a faɗa mata wanne ya fi dacewa da yaro Musulmi mai ɗan guzuri.

Hajiya, ranki ya daɗe, "turo" a harshen Tagalog da ake yi a Manila nuni ne da yatsa. Turo-turo, wanda kuma ake kira karinderya, rumfa ce ko ɗan shago da ake jera tukwane ko faifan ƙarfe goma zuwa goma sha biyar a gaba. Mutum ya buɗe murfi ya leƙa, ya nuna abin da yake so, a zuba masa a ɗan kwano, a kifa masa shinkafa kofi guda a faranti. Shinkafar sunanta kanin, mahaɗin kuma kowane iri ne ulam ake ce masa. Inasal kuwa kaza ce gasasshiya a kan gawayi, asalinta garuruwan Bacolod da Iloilo. Ana jiƙa ta a ruwan khal na kwakwa da calamansi, wani ɗan mitsitsin lemon tsami, da citta da tafarnuwa da ciyawar shayi mai ƙamshin lemo, sannan a riƙa shafa mata mai da aka rina da 'ya'yan atsuete yayin da take kan wuta. Gidan da ya fi yaɗuwa shi ne Mang Inasal, wanda Edgar Sia ya buɗe a Iloilo a 2003, kamfanin Jollibee ya sayi kashi 70 cikin ɗari nasa a 2010, ya ƙarasa saye a 2016.

A wajen kuɗi turo-turo ce a gaba, babu ja. Mahaɗi ɗaya da shinkafa kofi ɗaya ba sa wuce peso ɗari da ɗoriya, ganye ya fi nama araha, ana sayar da rabin kwano ga wanda ya nema, romo kuma kyauta ne idan ya ce "pahingi po ng sabaw". Cinyar kaza a gidan inasal takan kai kusan ninkin wannan. Sai dai akwai abin da ya sa ɗalibai ke cika wurin: tsarin unli-rice, wato a biya sau ɗaya, ma'aikaci ya riƙa zagayawa da bokitin shinkafa yana ƙara wa duk wanda ya ɗaga hannu. Saurayi mai cin kofi uku ya ci riba. Wanda kofi ɗaya ke ƙosar da shi ya biya wa wasu ne. A menu, paa ita ce cinya da ƙafa, pecho kuma ƙirji da fiffike. Ƙirjin ya fi girma, amma cinyar ta fi laushi, domin ƙirji ba shi da kitse, yana saurin bushewa a kan gawayi.

A wajen lafiyar ciki kuma lamarin ya juye. Kazar inasal daga wuta take zuwa tebur. Mai turo-turo kuwa tun da asuba take girki, ta jera tukwane kafin ƙarfe 11, kuma da yawansu babu wuta a ƙarƙashi. Abincin da ya huce ya zauna tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Selsiyas shi ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa a cikinsa, ga zafin Manila a watannin Afrilu da Mayu yana haura digiri 33. Don haka ya ci tsakanin 11 da 1 na rana, lokacin da layi yake da tsawo, tukunya na ƙarewa ana sake cikawa. Bayan la'asar ya guji duk abin da aka dafa da madarar kwakwa, wanda zai gane da kalmar ginataan ko gata, domin shi ke fara lalacewa. Idan ya ga kumfa a gefen tukunya ko ya ji tsami inda bai kamata ba, ya bari. Su kansu suna da sunan wannan, panis. Abin da aka dafa da ruwan khal, kamar paksiw na kifi, ya fi jure zama. Ruwan da ake ajiyewa kyauta a buta ma ya haƙura da shi a makonnin farko, ya sayi na gora.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi. Kusan kashi 79 cikin ɗari na mutanen Filifin mabiya ɗariƙar Katolika ne bisa ƙidayar 2020, Musulmi kuma kashi 6 da ɗoriya, mafi yawansu a Mindanao, kudancin ƙasar. Naman alade, baboy, shi ne naman yau da kullum a Manila. A gidan inasal aladen a fili yake, an rubuta shi a allo: tsiren alade, sisig na fuskar alade da kunnuwansa, da palabok, taliyar shinkafa da ake barbaɗa wa dakakkiyar soyayyar fatar alade. Yaro zai iya kauce musu da ido. Abin da ido ba zai gaya masa ba shi ne ko wayar gashi ɗaya ce, ko buroshin shafa mai ɗaya ne da na tsiren. Wannan sai ya tambaya a kowane shago, kada ya ɗauka amsar wani reshe ta wadatar da wani.

A turo-turo kuwa aladen ɓuya yake yi, kuma ya fi ɓuya a inda baƙo ke ganin ya tsira, wato a cikin ganye. Pinakbet, haɗin kabewa da kuɓewa da gauta da ampalaya mai ɗaci ɗan'uwan garahuni, da gutsattsarin alade ake fara soya shi. Monggo, faten ƙananan koren wake da ake yi ranar Juma'a saboda al'adar Katolika ta barin nama a ranar, sau da yawa fatar alade ce a samansa, abin da ya ba mu dariya ya kuma ba mu haushi. Taliyar pancit da laing na ganyen gwaza duk haka. Lumpiang shanghai niƙaƙƙen alade ne a ciki. Adobo ko da an ce na kaza ne, akwai masu haɗa kaza da alade a tukunya ɗaya. Kaldereta ta naman sa ko akuya ana kaurara ta da hantar gwangwani, wadda sau da yawa ta alade ce. Dinuguan, baƙar miyar nan da ake yi wa laƙabin naman cakulan, naman alade ne da kayan cikinsa da aka dafa a cikin jininsa. Ko dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa a romo akwai na alade.

Shi ya sa tambaya ɗaya ba ta isa. Idan ya ce "May baboy po ba ito?", wato akwai alade a ciki, mai abinci za ta iya cewa "wala", babu, da gaskiyarta, domin a ganinta guntun da aka soya don ƙamshi ba nama ba ne. Ya ƙara da ta biyu, ya tambayi sahog, abin da aka jefa wa ganyen, sannan ta uku, mantika, man da aka yi suya da shi, ko kaskon kifi ne kaɗai ko an soya alade a ciki. Ya kira ta Ate, wato yaya, namiji kuma Kuya, ya sa "po" a cikin maganarsa don ladabi. Wannan ɗan girmamawar ke sa ta tsaya ta ba shi amsa cikakkiya ana tsakiyar ciniki.

Abin da ya rage masa a turo-turo ba kaɗan ba ne. Sinigang miyar tsamiya ce mai ruwa-ruwa, ya nemi ta kifin bangus ko ta jatan lande, hipon. Daing na bangus kifi ne da aka tsaga aka jiƙa a khal da tafarnuwa aka soya. Akwai gasasshen karfasa, akwai tortang talong, gasasshiyar doguwar gauta da aka tsoma a ƙwai, muddin ba a cusa mata niƙaƙƙen nama ba. Tinola romon kaza ne da citta da ɗanyen gwanda, wasu kuma suna zuba masa zogale, wanda suke kira malunggay. Kare-kare za ta tuna masa da miyar gyada, amma lami ce, gishirinta yana cikin bagoong, jiƙaƙƙen jatan lande mai aikin daddawa, shi ma wasu da kitsen alade suke soya shi. Gidan inasal bai da wannan yalwar: kaza ce yau, kaza gobe, sai sisig na kifi.

Duka biyun ba su cika sa yaji a tukunya ba, abincin ya fi karkata ga tsami da gishiri da ɗan zaƙi. Kowa ke haɗa abin dangwalensa a ɗan faranti: soya sos, calamansi ɗaya ko biyu, da barkono siling labuyo a murtsuke da cokali. Cokali da cokali mai yatsu ake ba mutum, babu wuƙa, a gidan inasal kuma da hannu ake ci, ga wurin wanke hannu a gefe.

Kaza da naman sa a wuraren biyu babu tabbacin yankan Musulmi ne, sai inda aka liƙa shaidar halal irin ta IDCP, majalisar da'awar Musulunci ta ƙasar. Hukuncin yankan Ahlul Kitabi ya tambayi malaminsa kafin ya tashi. Mu dai shawararmu, abincin rana na kullum ya riƙe turo-turo guda ɗaya kusa da makaranta, ya saba da mai ita, ya tsaya a kan kifi da ƙwai. Gidan inasal ya zama na lokaci-lokaci, bayan ya gamsu da amsar wayar gashi. Nama kuma ya bari sai Quiapo, wadda ke maƙwabtaka da Sampaloc. Jirgin ƙasa na cikin gari, LRT-1, yana tsayawa a tashar Carriedo, daga nan da ƙafa ake isa titin Globo de Oro, inda Masallacin Zinariya yake tun 1976. A kewayensa Musulmin Mindanao, musamman 'yan ƙabilar Maranao, suna da nasu turo-turo. A can zai sami pastil, shinkafa da zazzagaggen naman kaza a naɗe cikin ganyen ayaba, mai arahar da biyu ba sa kai kuɗin faranti ɗaya a wani wuri, da piaparan, kaza da kankararriyar kwakwa da kurkur. Ya sayi kwalbar palapa, yajinsu na albasar sakurab da citta da barkono, ya ajiye a jaka don kifin sauran ranakun mako.