Four Roses: Wiskin da Gauraye Ya Zubar wa Mutunci, Gauraye Kuma Ya Farfaɗo da Shi

Giya haramun ce ga Musulmi, kuma mafi yawan masu karanta Hausa ba sa kusantar ta. Wannan sharhi na waɗanda dama suke sha ne, da ma'aikatan otal da baƙi kan tambaye su abin da ke cikin kwalbar da ke kan kanta. Kwalabe huɗu na Four Roses, wani wiskin Amurka, na ɗanɗana a jere, kofi iri ɗaya, awo iri ɗaya. Sai dai ɗanɗanon ba zai fahimtu ba sai an san abin da ya faru da sunan.

Paul Jones Jr. ne ya yi wa sunan rajista a 1888. Masana'antar da ake dafa shi yau tana Lawrenceburg a jihar Kentaki, an gina ta a 1910. Da Amurka ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933, kamfanin ya tsira ne domin ya sayi Frankfort Distilling, ɗaya daga cikin kamfanoni shida da aka yarje wa sayar da wiski a matsayin magani, da takardar likita. Bayan ɗage haramcin kasuwarsa ta bunƙasa ƙwarai, har kamfanin Seagram na Kanada ya saye shi a 1943.

Daga nan labari ya sha bamban. Wajen ƙarshen shekarun 1950 Seagram ya janye ainihin burbon ɗin, wato wiskin Amurka da ake yi galibi da masara, daga kasuwar Amurka, ya riƙa kai shi Turai da Japan. A gida kuwa sai aka bar sunan da hoton furanni huɗun da sunan ke nufi a jikin wani abu dabam, wato wiskin gauraye. A dokar Amurka, kashi 20 cikin 100 na ainihin wiskin da ya kwana a ganga ya isa a kira abu da wannan suna. Ragowar ana iya cike ta da tsurar barasa da aka tace har ta kai ƙarfin kashi 95, wadda ba ƙamshin hatsi a cikinta, ba ta kuma ga ganga ba ko kwana ɗaya. An kuma yarda a ƙara launi. Kamar a ɗauki ludayi ɗaya na kindirmo a dama a ƙwarya cike da ruwa, a ce nono ne. Araha dai an samu, amma cikin shekara arba'in Amurkawa suka mai da Four Roses giyar ƙasan kanta, alhali a Japan ana ganin ƙimarsa.

Jim Rutledge, wanda ya zama shugaban masu dafawa a 1995, ya daɗe yana neman a dawo da na ainihin gida. Bai samu biyan buƙata ba sai da Seagram ya wargaje, kamfanin Kirin na Japan ya sayi Four Roses a 2002 ya daina sayar da gaurayen. Samfurinsa mai suna Single Barrel ya fito a 2004, mai suna Small Batch a 2006. Brent Elliott ya gaji Rutledge a 2015.

Abin da ya fi burge ni shi ne har yau gauraye suke yi, amma duk abin da ake haɗawa cikakken burbon ne. Ka'idar burbon a fili take: masara ta kai kashi 51 a ƙalla, kada tacewar tururi ta wuce ƙarfin kashi 80, kada a zuba shi a ganga da ƙarfin da ya haura 62.5, gangar kuma ta kasance sabuwa, ta itacen da ake kira oak, an babbake cikinta da wuta. Ba a ƙara launi, ba a ƙara turare. Duk jan da ka gani daga gawayin ganga ya fito.

Sunan kamfanin ya ginu a kan girki goma. Haɗin hatsi biyu ne. Na B masara kashi 60, hatsin rai (wani ɗan'uwan alkama da ake kira rye) 35, tsiron sha'ir 5. Na E masara 75, hatsin rai 20, tsiron sha'ir 5. Aikin tsiron nan shi ne mai da garin hatsi sukari, daidai yadda tsiron dawa ke yi a tukunyar burukutu. Masara ke kawo zaƙi, hatsin rai ke kawo yaji. Sai yis iri biyar, kowanne da harafinsa: V mai ƙamshin 'ya'yan itace marar nauyi, K mai ɗan yaji, O mai ƙamshin nunannun 'ya'yan itace, Q mai ƙamshin fure, F mai ƙamshin ganye. Biyu sau biyar, goma ke nan. In ka ga OBSV a kwalba, harafi na biyu da na huɗu za ka duba, su ne hatsi da yis. Rumbunan ajiyarsu da ke Cox's Creek ba bene ba ne, hawa ɗaya ne, saboda haka gangar sama ba ta shan zafin da ya fi na ƙasa sosai, ɗanɗano kuma ba ya yin nisa da juna.

Kwalbar farko ita ce wadda aka fi sani da Yellow Label, ƙarfinta kashi 40, ana iya haɗa girkin goma duka a cikinta. Hanci zai ji zuma da tuffa da ɗan fure. A baki ba ta da nauyi, zaƙin ya zo ya wuce nan da nan. Tsaftatacciya ce, ba ta da zafin nan mai kama da na maganin goge ciwo da ake ji a wiskin da aka cika wa tsurar barasa. Ta fi dacewa da haɗi da ruwan citta ko soda.

Small Batch nake ganin ya fi cancantar kuɗinsa. Ƙarfinsa kashi 45, girki huɗu ne a ciki: OBSK, OESK, OBSO da OESO. Wato hatsi biyun duka, da yis na yaji da na nunannun 'ya'yan itace. Ƙamshinsa na farko kamar na sukarin da aka ƙona za a yi alewa, daga baya dabino da banila su biyo. Kurɓa ta farko zaƙi ce, a ta biyu kirfa da kanumfari ke tasowa a tsakiyar harshe, su zauna can ba tare da sun danne zaƙin ba. Bayan haɗiya ɗumin yakan jima a maƙogwaro, da ɗan baurin itace mai daɗi. A wannan kwalbar ce ake gane amfanin gauraye na gaskiya: inda E zai yi zaƙi da yawa B ya tsayar da shi, inda K zai yi kaifi O ya tausasa shi. Ko wanda bai san haruffan ba zai ji abu biyu suna jan juna a bakinsa, babu wanda ya kayar da wani.

Single Barrel girki ɗaya ne, OBSV, ƙarfi kashi 50, kowace kwalba daga ganga guda, an rubuta lambar rumbu da ta gangar a jiki. Ya fi kauri, masoro ya fi fitowa, da wani abu kamar koko a ƙarshe. Kwalba biyu na iya bambanta kaɗan, ba aibi ba ne. Small Batch Select, wanda ya fito a 2019, ƙarfinsa kashi 52, girki shida. Na ji na'ana'a a cikinsa, aikin yis na F ke nan, kuma ya fi sauran maiƙo a baki.

Yawancin ɓarna wajen zubawa ake yin ta. A samu kofin gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki, a zuba mililita 30, a bar shi minti biyar zuwa goma. Wanda ya kai hanci nan take tururin barasa kawai zai shaƙa, hancinsa ya dushe. A sansana da baki a ɗan buɗe. Ga masu ƙarfin 50 da 52, cokalin shayi ɗaya na ruwa, wato mililita 5, zai sauko da mililita 30 na Single Barrel zuwa kusan kashi 43, ƙamshin 'ya'yan itacen ya buɗe. Ga mai kashi 40 kuwa ruwa kashe shi yake yi. Ƙananan ƙanƙara suna narkewa cikin mintuna a wuri mai zafi su tsinka komai, gara dunƙule ɗaya babba. A kuma riƙa lissafi: mililita 30 na mai kashi 50 na ɗauke da kusan giram 12 na tsurar barasa, kuma laushinsa a baki na sa mutum ya zarce bai sani ba. Wanda ya sha, ya bar tuƙi.

Wajen saye a duba bayan kwalba. Dokar Amurka ta wajabta wa mai wiskin gauraye ya rubuta kashi nawa ne tsurar barasa a ciki, kuma ba za ka ga wannan rubutu a Four Roses na yanzu ba. A duba hatimin murfi da kyau, domin akwai masu sake cika tsofaffin kwalabe, kuma barasar jabu na iya makantarwa ko kisa. A ajiye kwalba a tsaye, in an kwantar da ita barasar na cin toshiyar. A nesanta ta da rana da zafin taga. Wiski ba ya ƙara tsufa a kwalba, kuma in ta sauka zuwa kashi ɗaya cikin uku iskar da ke ciki na rage ƙamshi a 'yan watanni, sai a juye ragowar a ƙaramar kwalba mai murfi gam. In Small Batch Select ya yi hazo bayan an sa ƙanƙara, ba lalacewa ya yi ba. Ba a tace shi da sanyi kafin a ɗura ba, man hatsin da aka bari a ciki ne ke dunƙulewa, kuma yana washewa da zarar kofin ya ɗumama.