A-kori-kurar Baba: a tashe ta ko a sayar?

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan an gama yankan riɗi lafiya.

Na ga hotunan a-kori-kurar Baba, Peugeot 504, da ka turo, da tambayarka ko a tashe ta ko a kira 'yan gwangwan. Ni dai ina ganin a tashe ta, amma sai an leƙa ƙarƙashinta tukuna.

A nan Ohio, da hunturu ya shigo ake watsa gishiri a kan titi don ƙanƙara ta narke, gishirin kuma shi ke cin mota tun daga ƙasa. Wani maƙwabcina yana da tsohuwar Ford F-100, fentinta sai ƙyalli, amma a gabana ya danna sukundireba a shasinta, ƙarfen ya ɓurme kamar busasshiyar ƙwarya. Kayan gyara ba sa ba shi wahala: ƙofa, dandamalin ƙasa, har roban gilashi, sababbi yake saye ta intanet, a kawo masa har gida. Kuɗin aiki ne ke karya shi. Gareji a nan da awa suke caji, awa ɗaya ta haura dala 100, aikin walda da bugun bodi kuwa ba ya ƙarewa da wuri. Da yawa sukan kashe abin da ya fi kuɗin motar, don sha'awa kawai, su fito da ita ranar Lahadi a yi kallo.

Da a nan motar Baba take, da ban ce a taɓa ta ba, domin Peugeot ta daina sayar da mota a Amurka tun 1991, ba kanikawanta, ba kayanta. A gida kuwa tun 1975 ake harhaɗa Peugeot a Kaduna, duk wani tsohon bakanike a Gumel ya san 504 ciki da waje. Ba kwamfuta a jikinta, kafireta ce da filogi. Mai walda zai yanko falle, ya buga, ya liƙa, ku yi ciniki a kan aikin gaba ɗaya. Inda za ka sha wuya shi ne kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano: akwai kaya, amma na hannu da jabu a cakuɗe suke, kada ka je ba tare da bakanike ba.

Tsatsar da na gani a ƙofofi da bonet ta sama ce, ƙasarmu busasshiya ce, sanfefa za ta ɗauke ta. Bayan motar ne ya fi damuna. Shekarun da ta yi tana dakon takin zamani, ga fitsarin dabbobin da ake kaiwa kasuwar Maigatari duk Alhamis, su suka huda shi, kuma ruwan yana tsiyaya zuwa ƙarƙashinta. Ka sa a ƙwanƙwasa shasi da guduma, musamman inda sifirin baya ya kama. In ya yi ƙara tsaf, a ci gaba. In yana zubo ɓawo, a haƙura. Kada kuma ka yarda a shafe rami da fila a bi da fenti.

Sai batun mai. Tun da aka cire tallafi a 2023 lissafi ya canza, ita kuma ka san shanta. Ka ƙiyasta abin da zuwa kasuwar Gujungu ran Lahadi zai ci da abin da lodi zai kawo, ka turo min tare da bidiyon shasin. Kuɗin inji da birki da taya ni zan aiko, fenti ya jira baɗi.

A gaida Inna da yara.