Rosé de Gambrinus: jar giya mai tsami daga Burusels

Kurɓin farko da na yi, sai da fuskata ta yamutse kamar yaron da aka ɗora wa tsamiya a harshe. Abokina da ya kai ni gidan giya na Cantillon a Burusels ya yi ta dariya, ya ce, "Mutumina, ka zaci lemo ne ko?" To ai haka na zata. Watanni kafin nan na sayi wata giyar rasberi (wani ƙaramin jan ɗan itace) a babban kanti, zaƙi kamar an narka alewa a ciki, rabin kwalbar ma a kwata ya ƙare. Ita wannan ta gidan Cantillon launi kawai ya haɗa su.

Gidan yana unguwar Anderlecht, tafiyar ƙafa kaɗan daga tashar jirgin ƙasa ta Midi. Paul Cantillon ne ya kafa shi a 1900, kuma har yau yana hannun zuriyar, Jean Van Roy ke riƙe da shi. Tun 1978 suka mai da wurin gidan tarihi ba tare da sun daina aiki ba, don haka kana iya zagayawa ka ga komai da idonka. Yanar gizo ce birjik a jikin katakan rufi, ba kuma ƙazanta ba ce: ba sa kashe gizo-gizo domin shi ke cinye ƙudajen da 'ya'yan itace ke jawowa.

Irin giyar ana kiranta lambik, kuma ba a zuba mata yis. Sha'ir ne kusan kashi biyu cikin uku, sauran ɗanyar alkama, sai furen hof, mai sa wa giya ɗaci, da aka ajiye shekaru har ɗacinsa ya mutu. In an gama dafawa sai a tura ruwan can ƙarƙashin rufi, cikin wani faffaɗan kasko na jan ƙarfe, ya kwana a buɗe. Iskar dare ce ke kawo ƙwayoyin da za su tsimar da shi. Shi ya sa sai da sanyi suke dafawa, daga wajen ƙarshen Oktoba zuwa farkon Afrilu. Ina tsaye gaban kaskon nan sai na tuna matan ƙauyenmu da ke barin ruwan dawa ya kwana ya yi tsami kafin su ci gaba da haɗa burkutu. Bambancin, burkutu cikin 'yan kwanaki ake shanye shi, lambik kuwa sai ya kusa shekara biyu a gangar katako kafin a jiƙa masa rasberi, giram 200 a kowace lita.

A kofi ja ce mai haske, kumfarta ba ta daɗewa. Ƙamshin rasberi ne na gaske, har da na 'ya'yan cikinsa, a bayansa kuma wani ɗan wari kamar na tsohon ɗakin ajiye ciyawa. Da farko ya dame ni, zuwa rabin kofi na daina jinsa a matsayin aibi. Zaƙi kam babu ko ɗigo, ƙwayoyin sun cinye sukarin kaf. Ƙarfinta wajen kashi 5 cikin 100 ne, amma tsamin ba ya bari ka kwankwaɗe ta.

Sunan ma na da labari: Gambrinus wani sarki ne na almara da Turawan yankin ke dangantawa da giya, shi ne ke zaune a hoton jikin kwalbar.

Na taho gida da ƙaramar kwalba, mai murfin ƙarfe da toshiya a ƙarƙashinsa, sai da na ari mabuɗi wajen maƙwabci. Kuskurena biyu: na sanyaya ta da yawa har ƙamshin ya ɓuya, na kuma juye har da guggubin ƙasa, kofin ƙarshe ya gurɓace. Ga wanda ke shan giya kuma yana son zoɓo marar sukari, zan ce ya gwada, da gasasshen nama mai kitse a gefe. Matata ta ɗanɗana sau ɗaya ta turo mini kofin.