DS18B20 ko DHT22: amsa ga mai son auna zafin ɗakuna shida da allo ɗaya

Salam 'yan uwa. Malam, na ga tambayarka tun jiya da daddare, ka ce kana da ɗakuna shida da kake son ka riƙa ganin zafin kowanne a kan sikirin ɗaya, ɗakin da ya fi nisa zai kai mita 25 daga inda za ka ajiye maikrokontrola ɗin, wato allon lantarkin da zai riƙa karɓar awon, kuma ka rasa wanne za ka ɗauka tsakanin DS18B20 da DHT22, sensa biyu masu auna zafi. To ni dai duka biyun na taɓa su, kuma in taƙaita maka tun kafin mu yi nisa, a wannan aikin naka DS18B20 zan ɗauka, sai fa in akwai ɗakin da kake buƙatar sanin danshin iskarsa. Bari in faɗa maka dalili don kar ka ce son rai ne.

In kan daidaiton awo ne kaɗai, kusan kunnen doki suke yi. DS18B20 yana auna daga -55 har zuwa digiri 125, kuma tsakanin -10 zuwa 85 kuskurensa ba ya wuce rabin digiri sama ko ƙasa. DHT22, wanda wasu ke sayarwa da sunan AM2302, yana ɗaukar -40 zuwa 80, shi ma kuskurensa wajen rabin digirin ne, sannan ya fi DS18B20 da abu ɗaya, yana ba ka danshi. Ƙanensa DHT11, mai shuɗin jiki ɗin nan, kar ma ka sa shi a lissafi, daga 0 zuwa 50 kawai yake iyawa kuma yana iya kaucewa da digiri biyu, na koyon yara ne. Don haka ba a nan bambancin yake ba. Bambancin yana wajen waya, da kuma yadda allo zai gane wane sensa ne yake masa magana.

DHT22 ba shi da suna, wato lambar da allo zai kira shi da ita. Kowanne ɗaya sai ka ba shi ƙafarsa ta daban, wato wurin jona waya, a jikin allo, shida ke nan sun cinye maka ƙafa shida, kuma kowane ɗaki sai ka ja masa wayar data tasa tun daga allo har can. A Arduino Uno ƙafafun dijital 14 ne, biyu na siriyal ne da ake loda kod ta cikinsu, ka cire shida na sensa, ka sa sikirin, ka sa rile, makunnin da allo ke sarrafawa, na kunna fanka, ka ga ka fara lissafin ƙafa kamar mai rabon gado. Shi kuwa DS18B20 kowanne daga kamfani yake fitowa da lambarsa mai bit 64 da aka ƙona a cikinsa, babu biyu masu iri ɗaya, ta farkon lambar kullum 28 ce, ita ke nuna danginsa. Saboda wannan lambar ne za ka iya jera duka shidan a kan wayar data guda ɗaya, ƙafa ɗaya tak a allo, ka haɗa da resisto 4.7k ɗaya tsakanin data da wuta, shi ke nan. Tsarin ana ce masa 1-Wire, Dallas Semiconductor ne suka ƙirƙiro shi, daga baya Maxim suka saye su a 2001, su ma Analog Devices suka saye su a 2021, shi ya sa za ka ga takardar bayaninsa da sunaye daban daban, duk abu ɗaya ne. Gobe in ka ƙara ɗaki na bakwai, sai dai ka ɗaura shi a jikin wayar da ta riga ta wuce ta wurin.

Wajen sauri kuma, DHT22 ba ya son a tambaye shi fiye da sau ɗaya a daƙiƙa biyu, in ka matsa masa sai ya maimaita maka tsohon karatu ko ya ƙi amsawa. DS18B20 a bit 12, inda yake rarrabe har 0.0625 na digiri, yana ɗaukar milisakan 750 kafin ya gama, in ka sauke shi zuwa bit 9 wajen milisakan 94 ne amma a matakin rabin digiri. Abin da mutane da yawa ba su lura ba, ba sai ka jira 750 sau shida ba, umarni ɗaya ake aikawa duka su fara awo lokaci guda, bayan nan ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana karɓa. Amma gaskiya zafin ɗaki ba ya canzawa a daƙiƙa ɗaya, ko duk bayan daƙiƙa 30 ka karanta ya ishe ka, wannan ba abin da za ka tsaya a kansa ba ne.

Yanzu ga inda nake son ka buɗe kunne, don nan ne DS18B20 yake cizon mutane, ni ma ya cije ni. Laburaren DallasTemperature, wato shiryayyen kod ɗin da ake karanta DS18B20 da shi, tana da hanya mai sauƙi, getTempCByIndex, ka ce ba ni na 0, na 1, na 2. Misalan da ke yawo a intanet kusan duk da ita suke. Matsalar ita ce wannan jerin ba shi da alaƙa da yadda ka jera su a waya, daga lambobin cikinsu allo yake tsara su lokacin da yake nema. Na taɓa haɗa guda biyar, komai na tafiya daidai har wata uku, sai ɗaya ya mutu na sa sabo, ban taɓa kod ba ko kaɗan. Kwana biyu fanka tana ta kunnuwa a ɗakin da yake sanyi ƙalau, wanda ya ɗau zafi kuma shiru. Ashe lambar sabon ta shige gaban biyu daga cikin tsofaffin, na 1 ya koma na 2, na 2 ya koma na 3. Sai da na kama kan ƙarfen sensa ɗaya na dunƙule a tafin hannu ina kallon sikirin, na ga lambar wani ɗaki daban ce take hawa, daga 24 zuwa 29 zuwa 31, sannan na gane abin da ya faru. Tun daga ranar, kafin in kafa komai, sai in jona su ɗaya ɗaya a kan tebur, in karanta adireshin kowanne, wato lambar nan tasa mai bit 64, a siriyal monita, in rubuta a salatif in manna a wutsiyar wayarsa, a cikin kod kuma in kira kowanne da adireshinsa ta getTempC. Aikin minti ashirin ne. A nan kam sai a yi wa DHT22 adalci, shi ba ya da wannan rikicin, wanda ke ƙafa ta 4 shi ne na ƙafa ta 4 har abada.

Sai lambobi biyu da ya kamata ka haddace. In ka ga 85 cif, kar ka firgita ka ce ɗaki ya kama da wuta, wannan ita ce lambar da take zaune a cikinsa da zarar ya samu wuta kafin ya yi awo, ma'ana ko ka karanta da wuri ko wutar ta ɗan yanke masa ya sake tashi. In ka ga -127, laburaren ce take gaya maka ba ta ji amsarsa ba, waya ta tsinke ko resisto babu. Dole kod ɗinka ya watsar da waɗannan biyun kafin ya ba rile umarni, in ba haka ba -127 ɗaya zai kunna maka hita. Na DHT22 kuma haruffan "nan" yake rubutawa, ma'ana ba lamba ba ce, in karatu ya faɗi, kuma a doguwar waya yana yawan yi, musamman in 3.3 volt kake ba shi, don kafin wutar ta isa can ta rage.

Maganar mita 25 ɗin nan. DS18B20 zai kai, amma yadda ka ja wayar shi ne komai. Ka yi layi ɗaya dogo da zai bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, kowane sensa ya rataya da gajeriyar wutsiya. Kar ka fito da wayoyi shida masu tsayi daban daban daga wuri ɗaya kamar ƙafar gizo-gizo, siginar tana dawowa daga ƙarshen kowace waya a lokaci daban sai su rikita juna, ka ga sensa yana ɓacewa yana dawowa ba dalili. Kebul ɗin netwok irin Cat5 yana yi sosai, ka sa data da giraun, wato wayar negetif, a tagwayen da aka murɗe tare, wuta a wani daban. Kuma ka ja waya uku, kar kwaɗayin waya biyu ya ja ka zuwa tsarin da sensa yake satar wuta daga layin data, yana aiki a kan tebur, amma guda shida a nesa suna jan wuta lokaci guda, a nan 85 ɗin take fara fitowa. In har yanzu yana tangarɗa, rage resiston zuwa 2.2k. Kuma nisanta shi da wayar wutar gida da ta injin lantarki mai juyawa. Wani abu, DS18B20 akwai mai bututun ƙarfe da ruwa ba ya shiga, yawanci ja wuta, baƙi giraun, rawaya data. DHT22 dole jikinsa ya zama a buɗe iska ta shiga, in raɓa ta kwanta masa karatun danshin sai ya maƙale a sama. Sai dai a kula, jabun DS18B20 sun yi yawa, musamman masu bututun, ni na taɓa samun guda goma da uku daga ciki suka bambanta da sauran da fiye da digiri ɗaya. Gwajin mai sauƙi ne, cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara da ruwa kaɗan, juya, ɗaure kawunansu tare ka tsoma, bayan minti biyar kowanne ya kamata ya nuna kusa da sifili, wanda ya kauce ka rubuta bambancin ka gyara a kod ko ka jefar.

Na san wani zai ce ina SHT31 ko BME280. Sun fi DHT22 kyau nesa ba kusa ba, amma I2C suke amfani da shi, wanda Philips suka yi don magana tsakanin cif da cif a cikin na'ura ɗaya, ba don ratsa gini ba. Kuma adireshi biyu kawai kowannensu yake da shi, SHT31 0x44 da 0x45, BME280 0x76 da 0x77, na uku sai ka nemo TCA9548A mai raba layi takwas, ita ma ba ta magance nisa ba. LM35 kuwa ba dijital ba ne, milivolt 10 yake bayarwa a kowane digiri, a mita 25 hayaniyar waya kaɗai ta isa ta cinye maka digiri biyu.

Allo kuma, in sikirin kawai kake so a bango, Uno ya isa. In kana son gani a wayarka ko ajiye tarihin karatu, ɗauki ESP32 tunda da WiFi ɗinsa yake zuwa, sai dai 3.3 volt yake aiki da shi, resiston ka jona shi da ƙafar 3.3 volt ba ta 5 ba, kuma kar ka sa data a ƙafa 34 zuwa 39, waɗannan karɓa kawai suke yi ba sa turawa, 1-Wire kuma yana buƙatar duka biyun.

To Malam, ka duba ɗakunan nan shida ka faɗa min ko akwai wanda danshinsa ya dame ka. In akwai kuma yana kusa da allo, ba shi DHT22 ɗaya a ƙafarsa ta daban, sauran biyar su hau layi ɗaya da DS18B20. In kuma shi ne mai nisan mita 25 ɗin, gara ka ajiye masa ƙaramin ESP nasa da SHT31 a cikin ɗakin ya riƙa turowa ta WiFi. Turo min zanen yadda ɗakunan suke jere in nuna maka ta inda wayar za ta bi.