Manhajar gane tsuntsu da hoto: jan baki ne ko zalaidu?

Manhajar nan da matasa ke turawa juna a Maradi, wadda ake ba ta hoton tsuntsu ta faɗi sunansa, ta burge ni da fari. Sau ɗaya ake sauke kundin tsuntsayen Afirka ta Yamma, daga nan tana aiki ko babu reso. A bakin tabkin Madarunfa ta gane asisi da baiwar Allah ba gardama, har macen baiwar Allah, wadda jikinta ƙasa-ƙasa ne, sai ja a saman gindin wutsiya.

Inda ta ba ni haushi shi ne jan baki, tsuntsun da manomin gero ya fi bukatar ganewa. Da rani namijin zalaidu kan zubar da doguwar wutsiyarsa, ya koma ɗan tsuntsu mai zane-zane da baki ja. Ba ta hotonsa, sai ta ce jan baki ne kai tsaye! Alhali bambancin a fili yake. Zalaidu na da ratsin baƙi mai kauri a ka, bakinsa ƙarami, yana tonon ƙasa da ƙafa yana tsalle baya. Jan baki kuwa tsawonsa kamar santimita 12, bakinsa kakkaura, da siririn zobe ja kewaye da ido, kuma garke yake tafiya, ya tashi kamar hayaƙi. Ga wani tarkon: lokacin hayayyafa bakin macen jan baki rawaya yake komawa, nan ma manhajar kan ce kabare ce.

Gaskiya wani laifin na hoto ne. Rana tsaka ko hazo na cinye launin baki, jawo hoto da yatsa kuma na dagula ratsin kai. A ɗauka da hantsi, rana a bayanka, a tsaya wajen mita 5 daga inda suke shan ruwa, a samu tsuntsun ta gefe, a yanke ciyawar da ke kewaye daga cikin hoton kafin a tura.

Duk da haka ban yafe ba. Sunayen Faransanci da Ingilishi ne kawai, babu Hausa, ga cin batir. Ɗalibi zai amfana da ita. Amma malam, kada ka tashi yara korar tsuntsu a gona don waya ta ce jan baki ne, sai ka duba kan tsuntsun da idonka.