An yi haihuwa a gida: abin da tallafin gwamnati ke yi wa jariri a Zamfara, da abin da ba ya yi

Tambayar da ke biyo bayan barka a gidajen da ke cikin rajistar tallafi ba ta wuce ɗaya: tunda an samu ƙaruwa, kuɗin zai ƙaru? Ba zai ƙaru ba, kuma gara maigida ya san haka kafin ya kashe kuɗin kabu-kabu zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma. Tallafin kuɗi na gwamnatin tarayya a kan gida ake lissafa shi, ba a kan yawan bakunan da ke ci ba. A zamanin Buhari naira 5,000 ce a wata, ana haɗa ta wata biyu a ba matar gida 10,000. Wanda gwamnatin Tinubu ta ƙaddamar a Oktoban 2023 naira 25,000 ce sau uku, jimilla 75,000, da niyyar kaiwa ga gidaje miliyan 15. Gida mai mutum uku da gida mai mutum goma sha biyu abu ɗaya suke karɓa. Rabon hatsi ma haka yake. Tirela 20 ta shinkafa da aka aika wa kowace jiha a 2024 ta hannun gwamnatin jiha ta bi, ta sauka ƙananan hukumomi da mazaɓu, kuma irin wannan rabon ba ya tambayar wace ce ke jego a unguwa.

Wannan shi ne babban raunin tsarin, kuma mutanen Zamfara sun taɓa ganin wanda ya fi shi. Tsakanin 2013 da 2019 an gudanar da shirin tallafin rainon yara a Anka da Tsafe, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, ƙungiyar Save the Children na kula da shi. Da zarar an tabbatar mace na da ciki sai a sa sunanta, ta riƙa karɓar naira 3,500 duk wata, daga baya aka mayar 4,000, har yaro ya cika shekara biyu, ana haɗa mata da bayani kan shayarwa da abincin yaye. Shirin ya bi ciki da goyo, lokacin da yunwa ta fi yi wa yaro illar da ba ta gyaruwa. Ya ƙare, kuma tallafin da ake rabawa yanzu bai gaji wannan tsarin ba.

Duk da haka akwai abin yi bayan haihuwa, kuma wanda ya bar shi yakan yi da-na-sani ranar da aka zo tantancewa.

Takardar haihuwa ce farko. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce kaɗai ke bayar da ita, kuma ta jariri kyauta ce. Katin da ake ba maijego a asibiti ranar sallama ba ita ba ce, haka ma takardar rantsuwa ta kotu. Dokar 1992 ta ce a yi wa yaro rajista cikin kwana 60. Ana samun magatakardan hukumar a manyan asibitoci, da sakatariyar ƙaramar hukuma, da wasu asibitocin sha-ka-tafi ranar rigakafi. Magatakarda zai tambayi sunan yaro, ranar haihuwa da wurin da aka haife shi, sunan uwa da uba, da lambar NIN ta iyaye, domin tun Nuwamban 2023 aka ƙaddamar da rajistar ta na'ura. Uba zai iya zuwa shi kaɗai, ba sai maijego ta fita ba. Idan kuma so ake a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, allurar mako shida tana faɗawa kwana 42, wato an gama wankan arba'in ke nan kuma wa'adin kwana 60 bai cika ba. Sai dai allurar farko ba ta jiran arba'in, ba ta ma jiran suna. Ta ciwon hanta an fi so a yi ta cikin awa 24, tare da ta tarin fuka da ɗigon shan inna, ko da a gida ungozoma ta karɓi haihuwar. Kaka ko gwaggo na iya kai jaririn.

Teburin magatakardan yana aiki, minti kaɗan ne idan akwai sabis a na'ura. Inda ake samun matsala wajen rubutun suna ne. Uba ya faɗi Muhammadu a rubuta Mohammed, uwa a NIN ɗinta Aishatu ce a banki kuma Aisha, ko a bayar da sunan da ake kiranta da shi a gidan miji maimakon na yanka. A tafi da takardar NIN a hannu, a sa magatakarda ya kwafa harafi da harafi, kuma a karanta kafin ya tura, don gyaran suna bayan an shigar yana cin kuɗi da zirga-zirga. Da takardar haihuwar ake yi wa yaro NIN nasa a ofishin NIMC, hukumar da ke bayar da lambar, a jingina shi da lambar uwa ko uba, sai ya kai shekara 16 ya koma da kansa a sabunta.

Na biyu shi ne rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa, kuma nan ne jan ƙafa yake. Ba a shiga ta a waya, ba a cike ta a intanet. Yadda aka gina ta shi ne ma'aikata su je gari, a tara maza da mata da matasa, su da kansu su faɗi abin da suke kira talauci a wurinsu, su zaɓo gidajen, sannan masu ɗaukar bayanai su bi gida gida da na'ura. Ofishin kula da rajistar na jiha a Gusau ne ke riƙe da bayanan, wani ofishin daban kuma ke kula da biyan kuɗi. Yawan mutanen gida na cikin abin da ake dubawa idan ana jera gidaje bisa tsananin buƙata, kuma daga wannan rajistar ce shirye-shirye da dama ke ɗebo sunaye. Dalilin sa sunan jariri ke nan ko da kuɗin yau ba zai canza ba.

Hanyar ita ce a je wurin jami'in shirin ko mai karɓar koke a sakatariya, da kwafin takardar haihuwa, da NIN na mai karɓar kuɗin, da lambar wayar da aka yi rajista da ita tun farko. A bar kwafi, a riƙe ta asali. A nemi a rubuta koken a littafi, a kuma rubuta kwanan wata a gida. Ba a ganin gyaran nan take, yawanci sai an fito aikin sabunta bayanai, shi ya sa yake da kyau mai unguwa ya san an yi haihuwar, don shi ake nema idan masu na'ura sun shigo gari. Babu takardar shaida mai ƙarfi da ake ba mutum cewa an karɓi gyaransa, babu ranar da za a ce ya dawo, kuma wannan gazawa ce da ya kamata a gyara. Teburin da ya rubuta haihuwar yaro da teburin da ke riƙe da sunan gidansu duk na gwamnati ne, amma talaka ne ke ɗaukar takarda daga wannan zuwa wancan.

Abin da ya fi tsayar da kuɗi bayan haihuwa ba jaririn ba ne. Layin waya ne da aka bari ya mutu lokacin da mace ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, ko asusun da sunansa bai yi daidai da NIN ba. Akwai kuma gidajen da 'yan bindiga suka tasa, suna zaune a Gusau ko Ƙauran Namoda amma sunansu na can ƙauyen da suka baro. Waɗannan su kai koken canjin wurin zama tare da na haihuwar a zuwa ɗaya. Idan aure ya mutu, ko Allah ya yi wa maijego rasuwa, dole a canza sunan mai karɓa a hukumance, riƙe katinta a ci gaba da cira ba mafita ba ce. Duk wanda ya nemi kuɗin fom, ko ya turo saƙo a WhatsApp cewa a danna a sa sunan jariri, ko mai POS da ya ce a bar masa kati da lambar sirri, ɓarawo ne.

Na uku, wurin da abinci na gaske ke fitowa saboda yaro, shi ne asibitin tamowa, kuma a cikin ukun shi ya fi cancantar yabo. Ba ya neman rajistar tallafi, ba ya neman hanya, hannun yaro kawai ake aunawa. Daga wata 6 zuwa wata 59 ana naɗa wata 'yar igiyar awo mai launi uku a tsakiyar damtse. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya ne. Daga 12.5 zuwa sama kore. Ana kuma danna babban yatsa a bayan ƙafafu biyu na daƙiƙa uku. Idan wurin ya lotsa bai taso ba, kumburi ne, kuma mai tsanani ne ko da igiya ta nuna kore. Iyaye da yawa na ɗaukar wannan kumburin ƙiba, sai yaro ya galabaita.

Yaron da ya faɗa ja ana gwada cinsa a gaban ma'aikaciya. Idan ya ci, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, a tura shi gida da abincin leda da ma'aikata ke kira RUTF, wanda aka haɗa da gyaɗa, madarar gari, mai, sukari da sinadaran gina jiki. Kowace leda giram 92 ce. Nauyin yaro ke yanke yawan da zai ci, mai kilo shida zuwa takwas yakan ci biyu zuwa uku a rana, kuma jinyar yaro ɗaya takan cinye kusan kwali guda mai leda 150 cikin mako shida zuwa takwas. Ba a dama shi da ruwa, ba a zuba shi a koko, don ruwa na shiga ƙwayoyin cuta za su samu wurin zama. A wanke hannu, a matsa ledar ta yi laushi, a yage kusurwa, a ba shi nono tukuna, sannan ya tsotsa, ana bin sa da ruwa mai tsabta. Idan ya ƙi ci, ko yana amai, zazzaɓi mai zafi, numfashi sama-sama, kwantar da shi ake yi a ba shi madarar asibiti ta musamman. Ƙungiyar likitoci ta MSF na gudanar da irin wannan sashen tare da ma'aikatar lafiya a Shinkafi da Zurmi.

Abin da ke ɓata wannan jinya sananne ne. Uwa tana da yara huɗu masu jin yunwa, an ba ta ledar mutum ɗaya, sai ta raba. Wani gidan kuma sayarwa ake yi a sayi tiyar masara. Ba rashin tausayi ba ne, babu ce, amma sakamakon ɗaya ne: yaro ya yi mako huɗu nauyinsa bai motsa ba. Wasu na daina zuwa da zarar kumatu sun fito, alhali ba a sallama sai awo ya kai 12.5 kuma ya tsaya a nan. Daga ɓangaren asibiti kuma kaya na yankewa, mace ta taho daga nesa a hanyar da ba ta da tsaro a ce mata babu. Kafin a fito, a tambayi ma'aikacin lafiya na unguwa ko kaya sun iso da ranar da ake rabawa.

Jaririn da bai kai wata shida ba ba a ba shi wannan leda. Abincinsa nono ne zalla, tun daga dakashin farko da wasu ke matsewa su zubar alhali shi ne kariyarsa ta farko, babu ruwa, babu jiƙo. Idan ba ya kama nono ko yana ramewa, asibiti za a kai shi da uwarsa tare. A nan ma tsarin ya bar giɓi, domin mai shayarwar da ke ciyar da shi ba ta da wani kaso tsayayye na abinci daga gwamnati. Makon lafiyar mata da yara da ake yi sau biyu a shekara yana kawo bitamin A, maganin tsutsar ciki, awon damtse, wani lokaci da rajistar haihuwa, kuma bai kamata a bari ya wuce ba.

Giɓin da ya fi ciwo shi ne na yaran da igiyar awo ta nuna musu rawaya. A awon da MSF da ma'aikatar lafiya suka yi a Shinkafi da Zurmi a Yunin 2024, yaro ɗaya cikin huɗu aka samu da tamowa, kuma mafi yawansu a wannan rukunin suke. Sau da yawa shawara kawai ake ba uwarsu, har sai sun faɗa ja. Abin da ke hannun gida shi ne garin kunun da ake kira Tom Brown: awo shida na gero ko dawa, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. A jiƙa waken ya kwana, a murje ɓawon, a shanya, a soya shi sama-sama har ya yi ƙamshi. A tsince gyaɗa a zubar da mai funfuna, a soya, a haɗa da hatsin a niƙa. A dama da kauri, ba tsararo ba, a dafa sosai, a ɗiga manja ko man gyaɗa, a ba yaro sau biyu ko uku a rana bayan nono, sannan a koma awo bayan mako biyu. A yankunan haƙar zinariya kuwa a tabbatar injin niƙan da turmin ba su taɓa dutsen ma'adini ba, domin ƙurar irin wannan niƙan ce ta kawo gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010.