Rim mai inci 20 a Marsandi E350: yadda muka kwashe da shi a titunan Kaduna

Maganar kyau kam ba na ja da kowa. Motata Marsandi E350 ce ta 2013, baƙa, ta zo da rim ɗinta na kamfani, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kai, mai inci 17 da taya 245/45R17. Da aka ɗora mata inci 20 da taya 245/30R20 sai ta koma wata mota daban, ta zauna daram, ramin tayar ya cika. A Ahmadu Bello Way har masu babur juyowa suke yi. Mai shagon da na yi cinikin da shi ya san lissafinsa ta wannan fannin, domin tsayin tayar gaba ɗaya bai canza sosai ba, kusan milimita 652 ne da, yanzu 655, saboda haka agogon gudu bai fara yi mini ƙarya ba, kuma tayar ba ta gugar jiki ko na murɗe sitiyari har ƙarshe. Kuɗin ma ba sai na faɗa ba, duk mai bin kasuwar nan ya san yadda dala ta mayar da ita. Musaya muka yi, ya karɓi tsofaffin rim ɗina huɗu da tayoyinsu, na cika masa.

A kan kwalta mai laushi, irin ta Ali Akilu zuwa gadar Kawo, motar ta fi jin magana. Ka ɗan taɓa sitiyari ta amsa, a kwana ba ta yin wannan lilon na da. Da a ce iyakar zirga-zirgata ke nan, da yabo kawai zan rubuta in tashi.

Wani dare cikin Agusta na je tashar jirgin ƙasa ta Rigasa ɗauko Hajiya, mahaifiyata, ta dawo daga Abuja. An sha ruwa tun la'asar. Cunkoso ya sa na ratse ta wani layi a Tudun Wada, layin da na bi da wannan motar ba adadi lokacin tana kan inci 17. Gudu na bai kai 40 ba. Ruwa ya rufe wani rami, tayar gaba ta dama ta faɗa, sai ji muka yi ƙwal, ƙarar ƙarfe a kan dutse, har cikin haƙorana. Hajiya ta yi salati ta ce, "Kai ɗan nan, mutum ka buge?" Kafin mu fita daga layin motar ta fara ja gefe. Na sauka cikin ruwa da fitilar waya, na ga bakin rim ya lotsa, iska na fita tana kumfa, gefen tayar kuma ya yi ƙulu kamar ƙwan agwagwa. Haka na tsuguna da babbar riga ina ɗaura ƙaramar safaya, wadda aka rubuta a jikinta kada a wuce 80, Hajiya na zaune a baya tana tambayata me ya sami tayoyin da motar ta zo da su.

Washegari mai facin unguwarmu ya yi mini bayanin da mai shagon bai ga dama ya yi ba. Lambar nan ta tsakiya, 45 ko 30, ita ce tsayin gefen taya a matsayin kaso na faɗinta. Ta da tana da roba wajen milimita 110 tsakanin rim da ƙasa, ta yanzu ba ta kai 74 ba. Abin da robar da iska suke shanyewa a da, yanzu rim ne ke ɗauka, ragowar ya wuce wa shakazoba da ƙafar motar. Ya ce, "Alhaji, ƙulun nan zaren ciki ne ya tsinke, ba a faci a gefe. Ka hau hanyar Zariya da ita, sai dai Allah ya kiyaye." Rim ɗin an buga shi ya miƙe a kasuwar maƙera ta Panteka, amma har yau sai na ƙara masa iska lokaci-lokaci.

Neman taya ɗaya tak mai wannan lamba shi ya fi ƙona mini rai. Inci 17 ko'ina ka tsaya za ka samu, sabuwa da ta hannu. Wannan kuwa daga "sai an aiko daga Legas" sai a fito maka da 'yar Beljiyam wadda lambobi huɗun da ke gefenta, na mako da shekarar da aka yi ta, suka nuna ta haura shekara shida. Motar da na saya don jin daɗi ta yi ta yawo a gari da siririyar safaya, abokai na tsokanata.

Da farko na ce mai shagon ba shi da laifi, ba shi ya haƙa ramin ba. Amma da na zauna sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Tun ranar farko sitiyari na rawa idan na kai 100, na koma ya yi balansin, na sake komawa ya sake yi, yana cewa, "Yallaɓai, sabuwar taya ce, za ta zauna." Bakanikena ne ya gano ramin tsakiyar rim ɗin ya fi na Marsandi faɗi, nata milimita 66.6 ne, ana sa wani zobe ya cike giɓin, shi kuwa bai sa ba. Zoben da kuɗinsa bai kai na cin abincin rana ba. Ga fitilar iskar taya da ta kama a dashbod ta ƙi mutuwa, ashe na'urorin auna iskar suna cikin tsofaffin rim ɗina, ya bar su sun tafi. Da na nemi ya mayar mini da nawa in ƙara masa wani abu, sai ya yi dariya ya ce ai tun satin suka shiga hannun wani mutumin Kano. Wallahi wannan dariyar ta fi mini ramin ciwo.

Shan man motar ma ya ɗan ƙaru, don rim ɗin sun fi nauyi. Uwargida kuwa ta daina zama a baya, ta ce kowane tudun rage gudu a ƙugunta yake sauka. Ni kaina yanzu tuƙin kallon ƙasa nake yi, idan an yi ruwa ba na shiga Rigasa ko cikin Tudun Wada da ita, sai in ari Corolla ɗin ƙanina.

Na sa bakanikena ya nemo mini rim na kamfani mai inci 18, mai ramin ɗauri biyar irin na Marsandi (5x112), da taya 245/40R18, kuma da na'urorin iskarsu a ciki. Da zarar sun samu, waɗannan huɗun na sayarwa ne, kuma zan nuna wa mai saye wanda aka buga da hannuna. Shagon can kuwa ko iska ba zan ƙara sha a wurinsa ba.